Gangunan Turanci Da Yadda Ake Bambanta Su

Kada wanda ya ga kan wannan rubutu ya zaci maganar kiɗa zan yi. Gangar da nake nufi ba wadda makaɗa ke ratayawa a kafaɗa ba ce, ganga ce ta nahawu, watau abin nan da malamanmu na Turanci ke kira "clause". Na san wani zai ce, to me ya kawo darasin Turanci cikin filin Hausa? Dalilina shi ne, ni dai ban gane wannan abu ba sai ran da aka warware mini shi da harshen da na sha a nono, ina kuma zaton akwai irina da yawa a makarantar nan, sai dai kunya ta hana su faɗi.

Ga yadda abin ya faru. A jarrabawar ƙarshen zango na biyu an ba mu wani labari na Turanci a kan makiyaya, a cikinsa akwai wannan jimla:

"The herdsmen camped near the stream where their cattle drink."

Aka ja layi a ƙarƙashin "where their cattle drink", aka ce mu faɗi sunan wannan yanki a nahawu, mu kuma faɗi aikin da yake yi. Ina ganin kalmar "where", ko numfashi ban ja ba na rubuta cewa gangar bayanau ce mai nuna wuri. Har ina jin tausayin na kusa da ni, don na ga yana ta cizon biro. Da takardu suka dawo, sai ga jan layi ya ratsa amsata tun daga farko har ƙarshe, shi kuwa mai cizon biron ya ci. Ba ni kaɗai ba ne, fiye da rabin ajinmu ramin nan ɗaya muka faɗa, kuma dalilinmu ɗaya. Dukkanmu mun haddace wani jeri da ke yawo cikin littattafan rubutunmu tun muna ƙaramar sakandare, wai "when" lokaci, "where" wuri, "who" sifa, "that" suna. Da mun ga kalmar sai mu jefa amsa, kamar mai gane mutum da hularsa. To, ran da wani ya ari hular fa?

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, da NECO da ta biyo baya a 1999, da wuya shekara ta wuce ba su yi wannan tambaya ba a sashen karanta labari a amsa tambayoyi. Makinta ba shi da yawa, gaskiya ne. Amma tsakanin C6 da D7 ma ai ba wani kogi ba ne, jami'o'inmu kuwa, har da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato, kiredit biyar suke nema kuma Turanci na ciki. Akwai wani yayana, ɗan baffana, a can ƙauyenmu na ƙasar Shagari, wanda ya ci kome da kome ban da Turanci. Sau biyu yana samun D7. Na ga ran da aka kai ragon gidansu kasuwa don a biya masa kuɗin sake zama, na kuma ga fuskarsa ran da sakamako ya fito. Tun daga nan na daina raina maki ɗaya.

Bari mu fara daga tushe. Ganga ita ce tarin kalmomi da ke da aikau, watau wanda ake magana a kansa, da kuma aikatau mai nuna lokaci. In babu waɗannan biyu, to ba ganga ba ce, yanki ne kawai, wanda ake kira "phrase". Alal misali "after the rain" yanki ne, don babu aikatau a ciki. Amma "after the rain stopped" ganga ce, ga "the rain", ga "stopped". Haka nan "walking to the market" yanki ne ko da yake ana tafiya a ciki, domin "walking" ita kaɗai ba ta gaya mana ko jiya ne ko gobe ba, ba ta kuma da mai yin ta. Wannan shi ne abin da za ka fara dubawa, don wanda ya kira yanki ganga ya riga ya zubar da makin sunan tun kafin a je ko'ina.

Ganga kuwa iri biyu ce. Akwai tsayayya, wadda ke iya zama jimla da kanta, akwai kuma dogarau, wadda sai ta jingina da wata, kamar yadda duma ba ya tashi sama sai ya sami danga ko jinka. Hanyar gane dogarau ba ta da wuya. Ka faɗe ta ga abokinka ka yi shiru. In ka ce masa, "Da na isa Bodinga," ka tsaya, zai dube ka ya ce, "Sai me?" Duk maganar da ta jawo "sai me?" dogarau ce. Haka abin yake a Turanci: "when I reached Bodinga", "because the well is dry", "who sells onions", duk a rataye suke suna jiran uwar ɗakinsu.

Har nan ba mu da gardama. Inda gizo ke saƙa shi ne raba dogarau ɗin gida uku: gangar suna, gangar sifa da gangar bayanau. Ni kuwa ba a aji na sami mabuɗin ba, a zaure na same shi.

Da aka ba mu hutu na biya ta Bodinga wajen kawuna, wanda ke karantar da littattafan Larabci a zaurensa bayan sallar La'asar. Ya ga ina ta juya takardar nan mai jan layi, ya ce, "Kai ɗan boko, mi ya same ka?" Na ce, "Allah gafarta Malam, nahawun Turawa ne ya kā da ni." Ya ce in fassara masa jimlar, in kuma gaya masa abin da aka tambaya. Da na gama sai ya yi dariya har rawaninsa na motsi, ya ce wanga abu ai almajiransa sun san shi tun ba su fara gemu ba. Ya ce a nahawun Larabci akwai jimlolin da ake cewa suna da mahalli, malamai sun ƙidaya su guda bakwai, kuma ma'anar mahalli ita ce jimlar ta zauna a gurbin da kalma ɗaya tak za ta iya zama. Saboda haka ba a tambayar da wace kalma ta fara, gurbin wa ta tsare ake tambaya. Ya kawo mini misali da jimloli biyu, "Ja'a rajulun yabki" da "Ja'ar rajulu yabki". A ta farko wani mutum ne da ba a sani ba ya zo, sai "yabki", watau yana kuka, ta zama sifarsa. A ta biyu mutumin sananne ne, sai wannan "yabki" ɗin dai ta koma bayanin halin da ya zo a ciki. Kalma ba ta sake ba ko da wasali ɗaya, amma aikinta ya sake saboda abin da ya gabace ta.

Sa'an nan ya ɗan yi mini gori. Ya ce abin kunya ne jikan mutanen Bodinga ya ji tsoron nahawu, alhali a garin nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu, lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake nan kusa a Sifawa, shi Abdullahi kuwa har littafi sukutum ya wallafa a kan nahawu, mai suna Bahrul Muhiɗ, da wani a kan sarfu. Na yi shiru, don ba ni da ta cewa. Amma a motar da ta kai ni Shagari da yamma ban yi tunanin kome ba sai kalmar nan, gurbi.

To ga yadda na juya maganar Kawu zuwa Turanci. Ku dubi waɗannan jimloli uku, kowace da "where he lives" a cikinta:

"I know where he lives."

"This is the town where he lives."

"He farms where he lives."

In da jerin nan namu gaskiya ne, da duka ukun bayanau ne na wuri. Amma a gwada cire gangar a sa kalma ɗaya a gurbinta. A ta farko sai mu ce "I know it", ko "I know the house". Abin da ya shiga gurbin suna ne, ko wakilin suna, kuma shi ne abin da aka sani, watau karɓau na "know". Ashe gangar suna ce. A ta biyu gangar tana manne da "the town", tana amsa tambayar "wane gari?", daidai da yadda "big" za ta yi in an ce "the big town". Ashe gangar sifa ce. A ta uku ne kaɗai za a iya cewa "He farms there", tana amsa "a ina yake noman?", tana bayani a kan aikatau. Wannan ce gangar bayanau. Da na koma kan jimlar makiyayan nan sai na ga kuskurena tsirara: "where their cattle drink" tana gaya mana wane rafi ne, ba ta bar jikin "the stream" ba. Mai cizon biro ya fi ni gaskiya.

Yanzu sai mu bi su ɗaya ɗaya, amma zan fi daɗewa a kan gangar suna, don ita ce mai yawan shiga gurabe. Duk inda suna ke zama, tana zama. Tana zama aikau, kamar a "What the prefect said annoyed us", inda za ka iya cewa "It annoyed us". Tana zama karɓau, kamar yadda muka gani. Tana zama cikon magana bayan "is" ko "was", kamar "The trouble is that the borehole has broken down". Tana kuma bin bayan ƙananan kalmomin nan irin su "on" da "about", kamar "The price depends on what the farmers bring". A kowane ɗaya ka gwada "it" ko "something" a gurbin, za ka ga jimla ta zauna daram. Wata alama kuma, in ka cire gangar suna ba ka sa kome ba, jimlar takan rushe. "Annoyed us" ba magana ba ce.

Akwai gurbi na biyar, shi ne mai kā da gwanaye, kuma a nan ne Hausa ta yi mini rana. Ku dubi waɗannan:

"The news that the driver brought frightened the women."

"The news that the bridge had fallen frightened the women."

Ido zai ce tagwaye ne. Dukansu "the news" ne a gaba, "that" na biye. Amma a fassara su. Ta farko, "Labarin da direba ya kawo ya tsorata mata." Ta biyu, "Labarin cewa gada ta karye ya tsorata mata." Kun gani? Abin da Bature ya haɗa cikin kalma ɗaya, Bahaushe ya raba shi biyu, "da" daban, "cewa" daban. Inda "that" ta fassaru da "da", gangar sifa ce, tana nuna wane labari. Inda ta fassaru da "cewa", gangar suna ce, domin ita ce labarin kansa, an sake faɗinsa a gefen sunan, abin da ake kira "in apposition to the noun". Wanda yake son ya tabbatar ta hanyar Turanci, sai ya sa "which" a madadin "that". "The news which the driver brought" daidai ne. "The news which the bridge had fallen" kuwa ko ɗan aji ɗaya ya san ta karkace. Sunayen da suka fi jawo irin wannan ganga su ne irin su "news", "fact", "rumour", "belief" da "hope", watau abubuwan da ake iya faɗin abin da ke cikinsu.

Irin wannan taimako Hausa ke yi a kan "if". "If he comes, we shall eat", watau "idan ya zo", sharaɗi ne, gangar bayanau. Amma "I do not know if he will come", ai ba mai cewa "ban sani ba idan zai zo" sai wanda Turanci ya ɓata wa harshe. "Ban sani ba ko zai zo" ake cewa. Inda "if" ta zama "ko", to gangar suna ce, karɓau na "know".

Gangar sifa ita ce mafi sauƙi, muddin ka tuna ba ta rabuwa da sunan da take sifantawa, tana bayansa kamar jela. Mu Hausawa ma ba baƙuwarmu ba ce, kullum muna cewa "yaron da", "yarinyar da", "wanda", "wadda", "waɗanda". Har aikatau namu yakan sake riga in ya shiga cikinta: "sun zo" ta koma "yaran da suka zo", ko "sunka zo" in a gida muke, "yana karatu" ta koma "yaron da yake karatu". Abu biyu ne kawai nake so a lura da su. Na farko waƙafi. In na rubuta "My brother who lives in Yabo is a tailor" ba waƙafi, ina nuna cewa 'yan'uwana maza suna da yawa, na Yabo nake nufi. In kuwa na kewaye gangar da waƙafi biyu, to ɗan'uwan ɗaya ne, zamansa a Yabo ƙarin bayani ne kawai. Shi ya sa bayan sunan mutum sananne dole a sa waƙafi: "Shehu Shagari, who was born in 1925, became President in 1979." Ba wanda zai tambaya wane Shehu Shagari. Da waƙafi da babu, sunanta a jarrabawa ɗaya ne, gangar sifa.

Na biyu, Turanci yakan haɗiye kalmar haɗin gaba ɗaya. "The book I borrowed is lost." Ina "which"? Ina "that"? Babu, amma "I borrowed" ganga ce cikakkiya, ga aikau ga aikatau, tana sifanta "the book". Hausa ba ta yarda da wannan ba, ba ka cewa "littafin na ara ya ɓace", sai ka sa "da". To a nan mai jeri zai zauna yana kallon rufi, don hular da yake gane mutum da ita an tuɓe ta. Gangar suna ma takan yi haka: "He said he was tired." A wannan kam mu ma mukan yi, "Ya ce ya gaji", ba sai mun sa "cewa" ba.

Gangar bayanau ita ce mai 'ya'ya da yawa: ta lokaci, ta wuri, ta dalili, ta sharaɗi, ta manufa, ta sakamako, ta yanayi, ta kwatanci, da ta "ko da yake". Ba zan tsaya jera misalansu ba, suna nan cikin kowane littafin aji. Alamarta ita ce tana bayani a kan aikatau, kuma sau da yawa kana iya ɗauke ta daga baya ka kai ta gaba ba abin da ya lalace. "We ran because the bell rang", ko "Because the bell rang, we ran", duk ɗaya. Gwada wannan da gangar sifa ka ga ɓarna. Abin da ya fi wahala shi ne faɗin wace iri ce, domin a nan ma kalma ɗaya tana cin tuwo a gida biyu ko uku. Ɗauki "since". "I have not seen him since he left Shagari", lokaci ne. "Since you are here, let us begin", dalili ne. Abin dariya, a nan Hausa ba ta cece ni ba, don "tun da" tamu ita ma haka take: "Tun da ya tafi ban gan shi ba", "Tun da ka zo, sai mu fara". Sai dai ka tambayi aikatau, yaushe ne ko don me? "As" ta fi ta ma rikici. "As he was crossing the road, he fell", lokaci. "As he was ill, he stayed in the hostel", dalili. "Do as I do", yanayi. Sai kuma "so that" a haɗe, wadda galibi manufa take nunawa, "He woke early so that he could fetch water", da "so" da "that" a rabe, masu nuna sakamako, "He was so tired that he slept in class". A ta farko niyya ce, ba mu ma sani ba ko ya sami ruwan. A ta biyu abin ya riga ya auku.

Dole in yi gargaɗi a kan fassara, kada wani ya ce na ce Hausa maganin kome ce. "When he came, we stood up" mukan fassara ta da "Lokacin da ya zo, muka miƙe". Ga "da" nan a bayan suna, wanda ya bi ƙa'idar ɗazu ido rufe zai ce gangar sifa ce. A'a. A jimlar Turancin babu wani suna da "when he came" ta jingina da shi, bayani take a kan "stood up", saboda haka bayanau ce ta lokaci. Sai in an ce "I remember the day when he came", ga "the day" a gabanta, sa'an nan ta zama sifa. Fassara fitila ce ta haska maka ma'ana, amma jimlar Turancin ita aka tambaye ka, a kanta za ka yanke hukunci.

Bari mu gwada da jimloli masu ɗan nauyi, irin waɗanda ake samu cikin labarin jarrabawa. Na ɗauko su daga tarihin da muka sani don kada baƙuncin labari ya haɗu da baƙuncin nahawu:

"When Shehu Usman left Sifawa in 1815, he settled in Sokoto, where his son Muhammad Bello was already living."

Fara da neman tsayayya: "he settled in Sokoto". Saura biyu dogarau ne. Ta gaba tana amsa "yaushe ya zauna?", bayanau ce ta lokaci, a kan "settled". Ta baya fa? Ga "where" ta sake dawowa da hularta. Amma tambayar "a ina ya zauna?" an riga an amsa ta da "in Sokoto". Gangar ƙarin bayani take yi a kan Sakkwato, tana manne da ita bayan waƙafi. Sifa ce.

Ga wata kuma:

"Many people forget that Shehu Shagari was a teacher before he entered the House of Representatives in 1954."

A nan ganga ce cikin ganga, kamar ƙwarya cikin masaki. Me mutane ke mantawa? Duk abin da ya biyo bayan "forget" har ƙarshe, "Many people forget it". Wannan babbar gangar suna ce, karɓau na "forget". Amma a cikinta akwai ƙarama, "before he entered the House of Representatives in 1954", bayanau ta lokaci, kuma ba a kan "forget" take bayani ba, a kan "was" ne. Ba mantuwar ce ta faru kafin 1954 ba, malantar ce. Saboda haka ka dubi daidai inda layin ya fara da inda ya tsaya, don mai tambaya yana iya ja a ƙarƙashin babbar ko a ƙarƙashin ƙaramar, amsoshin kuwa ba su haɗa hanya ba.

Saura yadda ake rubuta amsar, don sani daban, iya faɗi daban. Malaminmu na Turanci ya sha gaya mana cewa wanda ya rubuta "it modifies the verb" ya tsaya, bai gama aikinsa ba, kamar wanda aka tambaya ɗan wa ne ya ce ɗan mutum. Sai ka kama sunan kalmar. Ga gangar suna ka ce, alal misali, "noun clause, object of the verb forget". Ga ta sifa, "adjectival clause, qualifying the noun stream", ko ka kira ta "relative clause", duk ana karɓa. Ga ta bayanau, "adverbial clause of time, modifying the verb settled". In aikatau ɗin kalma biyu ne ko uku, kamar "had been waiting", ka kwaso shi duka, kada ka yanko rabi. Kuma in ba ka tabbata ko ta lokaci ce ko ta dalili ba, ka tsaya ka sake tambayar aikatau kafin ka sa biro, don ƙarin da ka yi bisa kuskure yana iya ɓata maka daidai ɗin da ka riga ka rubuta.

Da muka dawo hutu Malam ya yi mana gwaji na jimloli goma, na ci tara. Wadda na faɗi, ba ganga ba ce ma, yanki ne, "having finished the work", na yi gaggawa na kira ta ganga don na ga tana da tsawo. Watau matakin farko da na gaya muku ku fara dubawa, shi ni na tsallake. Na aika wa yayan nan nawa da kwafin duk abin da ke cikin wannan rubutu, don zai sake zama a bana.

Ga guda uku ku gwada kafin fitowa ta gaba. A kowace a faɗi sunan gangar dogarau da aikinta:

"The farmers will not sell their onions until the price rises."

"Nobody told us when the lorry left Bodinga."

"The rumour that frightened the juniors began in our hostel."

A ta ukun ku fassara "that" tukuna, kada kalmar "rumour" ta ruɗe ku. Wanda ya fara kawo mini duka ukun daidai a lokacin karatun dare, ban da 'yan ajin ƙarshe, na bar masa ƙosaina na safiyar Lahadi.